Baƙin Ƙyalle a Dantse: Kakar 1969 ta Jami'ar Wyoming

A tsakiyar watan Oktoban 1969, mutanen jihar Wyoming ta Amurka ba su da abin alfahari kamar ƙungiyar ƙwallon ƙafa irin ta Amurka ta jami'arsu da ke garin Laramie. Wannan wasa shi ne wanda ake rungumar ƙwallo ana gudu da ita, abokan hamayya na ƙoƙarin kayar da mai ita, kuma a jami'o'in ƙasar yana tara dubban 'yan kallo da kuɗi masu yawa. Ƙungiyar, wadda ake wa laƙabi da Cowboys, ta lashe gasar jami'o'in yankinta ta WAC sau uku a jere, daga 1966 zuwa 1968. A 1967 ta cinye wasanninta 10 kafin Jami'ar Jihar Louisiana ta doke ta da ci 20 da 13 a babban wasan Sugar Bowl. Kakar 1969 ma ta buɗe da nasara 4 a jere. Saboda haka mai horar da ita, Lloyd Eaton, ya zama mutumin da ba a ja da maganarsa a jihar.

Wasa na biyar an shirya shi ranar Asabar 18 ga Oktoba da Jami'ar Brigham Young, mallakar Cocin Mormon. A wancan zamani cocin yana hana baƙar fata riƙe muƙamin limanci. Ƙungiyar ɗalibai baƙar fata ta Jami'ar Wyoming, ƙarƙashin jagorancin Willie Black, ta yi kiran a nuna rashin amincewa. 'Yan wasa baƙar fata su 14 suna da nasu ƙorafin: sun ce a karawar da aka yi a 1968 a gidan Brigham Young an yi musu zagin wariyar launin fata. Sai suka yi shawarar buga wasan ɗaure da baƙin ƙyalle a dantse.

Eaton yana da doka da ta hana 'yan wasansa shiga zanga-zanga, kuma ya riga ya gargaɗi Joe Williams, ɗaya daga cikin kyaftin-kyaftin ɗin ƙungiyar. Da safiyar Juma'a 17 ga wata, su 14 suka nufi ofishinsa da ƙyallen a hannuwansu, domin a tattauna, kamar yadda suka bayyana daga baya. Ba a kai ga tattaunawa ba. Ya kai su kujerun 'yan kallo na zauren wasanni, nan take ya sallame su baki ɗaya. 'Yan wasan sun ce ya haɗa da kalaman wulaƙanci game da launinsu da talaucin gidajensu.

Korar ta fi ƙarfin hana wasa. Ɗan wasan jami'a a lokacin ba ya karɓar albashi. Ladansa shi ne tallafin karatu, wanda makomarsa ke hannun mai horarwa. Don haka wanda ya rasa gurbi a ƙungiya yana cikin haɗarin rasa digirinsa. A daren ranar hukumar gudanarwar jami'ar ta zauna tare da Gwamna Stanley Hathaway har zuwa tsakar dare da wucewa, ta kuma tabbatar da hukuncin Eaton.

Da farko al'amarin ya yi kama da nasara. Wyoming ta lallasa Brigham Young da ci 40 da 7, wasu 'yan kallo na ɗaure da ƙyalle mai sunan Eaton. Mako na gaba ta doke San Jose State da ci 16 da 7. Daga nan kuma ƙasa ta tsage: ta sha kaye a wasanni 4 da suka rage, ta kammala da nasara 6 da rashin nasara 4. A 1970 wasa 1 kacal ta ci cikin 10, aka sauke Eaton daga horarwa aka mayar da shi ofis. Labarin korar ya bazu a faɗin ƙasar, jawo hazikan 'yan wasa baƙar fata zuwa Laramie ya yi wuya. A duk shekarun 1970, sau ɗaya ƙungiyar ta gama kaka da nasara fiye da kaye, a 1976.

Kotu ma ba ta share wa waɗanda aka kora hawaye ba. A watan Fabrairun 1969 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar Tinker, ta amince wa ɗaliban makarantar gwamnati su ɗaura baƙin ƙyalle don adawa da yaƙin Vietnam. Amma a ƙarar da 'yan wasan suka shigar, kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta goyi bayan jami'ar a 1972, bisa hujjar cewa wajibi ne cibiyar gwamnati ta tsaya ba ruwanta a sha'anin addini.

Uku daga cikinsu sun koma ƙungiyar a 1970, wasu suka nemi wasu makarantu. Tony McGee ya tafi Kwalejin Bishop a Texas, ya yi shekara 14 a gasar ƙwararru ta NFL, ya kuma lashe kofin Super Bowl da ƙungiyar Washington. Joe Williams ya lashe irinsa da Dallas Cowboys. A 1978 Cocin Mormon ya janye haramcin da ya haddasa rikicin. Eaton ya rasu a 2007. Sai a watan Satumban 2019, bayan shekara 50, jami'ar ta gayyaci waɗanda ke raye ta miƙa musu takardar neman afuwa. A 2020 wasu daga cikinsu suka haɗa kai da cocin wajen raba abinci ga mabuƙata a garuruwansu.

Eaton ya ce yana kare ladabi ne, kuma ba a musun cewa ƙungiya ba ta tafiya sai da doka. Kuskurensa shi ne ya ɗauki masu neman ganawa a matsayin masu tawaye, sannan hukumomin da ya kamata su taka masa burki suka zaɓi kare shi saboda yana kawo nasara. Hukuncin da ya yanke cikin 'yan mintoci ya dagula karatun matasa 14, ya jawo wa ƙungiyar koma-bayan shekara 10, ya kuma kawo ƙarshen aikinsa na horarwa.