Hatsin Agaji da Sakin Kasuwa a Ƙasar Mali

Tun zamanin Modibo Keita gwamnatin Mali ce ke riƙe da cinikin hatsi. Hukumar OPAM kaɗai doka ta yarje wa ta sayi gero, dawa da masara a hannun manoma bisa ƙayyadadden farashi, ta sayar wa sojoji, ma'aikata da mazauna birane da rahusa. Manomi ne ya kwana ciki. Fatake suka koma ciniki a ɓoye, ita kuwa hukumar bashi ya yi mata katutu.

A shekarar 1981, lokacin mulkin Musa Traore, masu ba da agaji, ciki har da Amurka, Faransa, Kanada da Hukumar Abinci ta Duniya, suka ƙulla yarjejeniya da gwamnati, aka kafa shirin PRMC. Sukan kawo hatsi a sayar a cikin ƙasa, a zuba kuɗin a asusu guda, da shi ake ɗaukar nauyin gyaran. Sharaɗinsu shi ne gwamnati ta sakar wa kasuwa mara.

Sannu a hankali aka halatta wa 'yan kasuwa ciniki, aka soke ƙayyade farashi, aikin OPAM ya koma ajiyar hatsin ko-ta-kwana. A ƙarshen shekarun 1980 aka fara shelar farashin kasuwanni ta rediyo.

Sai dai ba kowa ya ci moriyar ba. Bincike ya nuna gidaje da yawa a karkara ba sa noma abin da zai kai su shekara. Ƙaramin manomi yakan sayar da arha lokacin kaka, ya sayo da tsada da damina, don haka tashin farashi bai zame masa riba ba.