Ɗaki Ba Ƙyaure: Tarihin Ƙofa Da Labulen Mai Ƙafa Uku

Wata ranar Laraba ce cikin marka, na fito daga Kasuwar Sabon Gari da yamma zan koma gida Kurna, hadari ya riga ya gangamo ta gabas. Mu uku ne a bayan adaidaita sahu, ni da wani dattijo da wani saurayi. Ba mu bar Fagge ba ruwa ya ɓalle kamar da bakin ƙwarya. Direba ya tsaya ya kwance labule, sai ga shi na ɓangaren dattijon ya yage tun daga tsakiya, igiyar ɗaurewa ma babu. Muna cikin wannan hali wata babbar mota ta zo ta kwashi ruwan kwata ta sheƙa mana. Dattijon ya dubi babbar rigarsa, ya dubi direba, ya ce, "Kai ɗan nan, wai shin su masu ƙera wannan abu ba a ruwa ne a garinsu?"

Duk muka yi dariya, aka rabu a haka. Da maganar ta wuce, sai dai ba a yi wata guda ba ɗan yayata ya zo mini da dare jikinsa a sanyaye. Shi ma adaidaita yake ja, kullum yana kai wa mai ita balas. Ya ce, "Kawu, yau saura ƙiris na kashe ɗan mutane." Wai ya shiga shataletale, wani yaro ɗan shekara huɗu ya suɓuce daga hannun uwarsa ya faɗa titi. Allah Ya sa ba mota a baya, ƙujewa kawai ya yi. Rance ya zo nema, yana so mai walda ya yi masa ƙofofi. Na ce ya ba ni kwana biyu, domin kafin na zuba kuɗina ina so na san dalilin da ya sa aka ƙera abin nan ba ƙyaure tun farko.

Ashe rigimar ta girmi kakanninmu. Motar farko da aka yi wa rajista a duniya ma ƙafa uku gare ta, wato wadda Karl Benz ya ƙera a garin Mannheim na Jamus, ya yi mata rajista a 1886. Ba rumfa, ba gilashi, ba ƙofa, benci ne kawai aka ɗora a kan tayoyi. A 1888 matarsa Bertha ta ɗebi 'ya'yanta biyu a cikin irinta ta yi tafiyar sama da kilomita 100 zuwa Pforzheim, rana da ƙura duk a kansu. Daga baya mota mai ƙafa huɗu ta yi gaba, ta samu rufi da ƙyaure da sakata, ita kuwa mai ƙafa uku aka bar ta a matsayin ƙanwar babur. A Japan, wadda kamfanin Mazda ya fara yi a Hiroshima a 1931 gaban babur ce sak, da akwatin kaya a baya, mai ja yana zaune a fili.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya sauya al'amarin. An gama yaƙi Turawa sun talauce, ƙarfe ya yi wuya, mai ya yi tsada, ga kuma sanyin da ba a iya hawa babur a cikinsa. To a nan ne aka ga basira iri-iri, wata ma abin dariya.

Dubi dai Isetta. Kamfanin Iso na Italiya ne ya fito da ita a 1953, kuma kamfanin nan asalin sana'arsa ƙera firji ce. Shi ya sa idan ka ga hoton motar sai ka rantse firji aka sa wa taya, domin ƙofa ɗaya tak gare ta, kuma a gaba take. Fuskar motar gaba ɗaya ita ce ƙyauren, idan ka buɗe har sitiyarin yake biyo shi waje don ka samu wurin shiga. Sai tambaya ta taso: idan aka yi karo ta gaba ƙofar ta lotse, ta ina mutum zai fita? Shi ya sa suka bar rufin tamfol a sama wanda ake zugewa. BMW ta karɓi lasisin ƙera ta daga 1955, ta yi sama da 160,000. Yawancinsu ƙafa huɗu ne, na baya biyu a matse da juna, amma a Ingila an yi mai ƙafa uku saboda doka ta ɗauke ta a matsayin babur.

Ita kuwa ta Messerschmitt ba ta da ƙofa sam. Wannan kamfani jiragen yaƙi yake yi wa Jamus, bayan yaƙi aka hana shi, sai ya koma ƙera 'yar mota mai ƙafa uku wadda injiniya Fritz Fend ya zana. Samfurin KR200 ya fito a 1955. Mutum biyu take ɗauka, ɗaya a bayan ɗaya, da murfin roba mai kama da gilashi wanda ake ɗagawa gefe kamar na matuƙin jirgi. Ruwa ba ya taɓa ka, iska ba ta taɓa ka, amma fa da rana ta fito ka zama dankali a tukunya. Jamusawa da kansu suka riƙa yi mata ba'a suna kiranta akwatin gawa na gilashi. To idan a Jamus an yi kuka da zafinta, ka ƙiyasta ta a Kano cikin watan Afrilu.

Ingilishi su kuma nauyi ne ya dame su. Dokarsu ta ce idan mai ƙafa uku ba ta wuce kilo 450 ba, harajin babur za a biya, kuma mai lasisin babur zai iya tuƙa ta. Kamfanin Reliant na garin Tamworth yana son ƙofa da rufi irin na mota, ga doka ta tsare shi, sai ya bar ƙarfe ya koma yin jikin da abin da masu gyaran mota ke ce wa faiba. Haka aka yi Robin a 1973. A nan na fara fahimtar cewa ƙofa ba kyauta take zuwa ba, duk wanda ya sa ta sai ya rage wani abu a wani wurin.

Amma kakar tamu ta Kano ba ɗaya daga cikin waɗannan ba ce. Sunanta Ape, wato ƙudan zuma da Italiyanci, kamfanin Piaggio ya fito da ita a 1948, shekara biyu bayan Vespa. Gaban Vespa aka ɗauka aka haɗa da tayoyi biyu a baya. Sai a 1956 aka fara yi wa direba ɗan ɗakinsa. Japanawa ma hanyar da suka bi ke nan: Daihatsu Midget ta 1957 hannun babur ne da rumfar tamfol ba ƙofa, a 1959 suka sa mata sitiyari da ƙofofi biyu. Wato ƙasashen sanyi duk da sannu suka rufe abarsu.

Indiya ce ta ƙi. Kamfanin Bajaj ya samu lasisin ƙera masu ƙafa biyu da masu ƙafa uku a 1959, bisa tsarin Piaggio, a 1977 kuma ya mayar da injin baya, ƙarƙashin kujerar fasinja, kamar yadda muka san ta yau. Amsar dattijon nan ita ce ana ruwa a garinsu, har ma ya fi namu, domin daminar Mumbai ba wasa ba ce. Sai dai sun yi lissafi. Ruwa wata huɗu ne, zafi kuwa kusan duk shekara. Injin bai wuce na babban babur ba, kusan cc 200, ga mutum huɗu a kai, duk kilo ɗaya da ka ƙara mai zai sha. Sannan ƙyaure yana bukatar ginshiƙin da zai rataya, alhali saman abin nan bututun ƙarfe ne siriri aka lulluɓe da tamfol. Uwa uba kuma sana'ar ta hawa da sauka ce, fasinja ya zura ƙafa an wuce. Don haka suka tsaya a kan labulen da ake naɗewa. Abin da ya ƙara ba ni mamaki, lokacin da Bajaj ya tashi yin ta haya mai ƙofa, wadda ya nuna a 2012 daga baya aka sa mata suna Qute, sai da ya ƙara mata taya ta huɗu.

A haka ta iso mana. Legas ta fara ganinta zamanin Buba Marwa, tsakanin 1996 da 1999, shi ya sa suke ce mata Keke Marwa. Shirin NAPEP na gwamnatin Obasanjo da aka kafa a 2001 ya ba ta suna na biyu. A Kano kuwa gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ce ta shigo da ita a 2005 don mata su daina hawa acaɓa, sunan shirin A Daidaita Sahu ya bi ta har yau. Ka lura da kyau mai karatu, labulen da Ba'indiye ya yi don ruwa, mu don sutura muka fara ƙaunarsa. Da aka hana acaɓa a Janairun 2013 sai kowa ya dawo kanta, maza da mata, da buhu da akuya.

Ni a nawa ganin labule yana da nasa laifin, kuma ba a cika faɗa ba. Idan an sake shi duka direba ba ya ganin gefe sosai, numfashin mutane ya turare gilashin gaba. Ledar nan mai haske da ake ɗinkawa a tsakiya a matsayin taga, rana ɗaya ta bazara biyu ta hunturu sai ta yi ja ta tsattsage. Idan iska ta buso daga gefe kuwa labulen tare ta yake, abin da dama ƙafa ɗaya gare shi a gaba. Ga kuma ɓata-gari da ke fakewa a bayansa su ƙwace wa mutum waya. Duk da haka, wanda ya taɓa fitowa da asuba cikin hunturu da yara 'yan makaranta ya san ba a raina shi.

Abu ɗaya na tsinta wanda ya yi mini amfani. A wasu biranen Indiya ana toshe gefen dama da ƙarfe, domin su hannun hagu suke bi, dama ce ke fuskantar motoci. Mu kuwa tun 1972 muka koma hannun dama, saboda haka hagu ce mai haɗari a wurinmu.

Da ɗan yayata ya dawo na zaunar da shi na kwashe duk wannan na gaya masa. Ya yi shiru, can ya ce, "To Kawu, yanzu a sa ƙofar ko kar a sa?" Na ce cikakkiyar ƙofa dai ba da kuɗina ba, don kafin azumi ya zagayo fasinja za su guje shi saboda zafi, kuma mai ita ba zai rage masa balas ba. Muka je wurin mai walda aka yi rabin ƙyaure na falange mara nauyi a hagu, iya ƙugun mutum a zaune, aka like shi ba ya buɗuwa. A dama aka sa sandar ƙarfe mai ɗagawa. Mai ɗinkin tamfol ya yi sabon labule da zif da taga babba, aka sa maɓallai a ƙasa maimakon igiya. Mai abin hawan ya yi ƙorafi an huda masa jiki, sai da na je da kaina na ba shi haƙuri.

Ruwan farko na bana a cikinta ya same ni, wajen Kofar Ruwa. Ta sama da ta gefe ko ɗigo bai shigo ba. Ta ƙasan sandar dama ne ya riƙa feso mana, takalmina ya jiƙe sharkaf, yaron yana kallona ta madubi yana dariya. Har yanzu saura rabin kuɗina a hannunsa.