Laƙabin Matan Sarauta a Ƙasar Holan

Holan ƙasa ce ƙarama a Turai, tana bakin teku tsakanin Jamus da Beljiyam. Mutanenta suna da gidajen sarauta na gado, kuma kowace mace ta irin gidajen nan da laƙabin da a ke kiranta da shi, kamar yadda mu ke da Magajiya da Iya da Gimbiya.

A cikin 1814 Wilem na Farko, wanda ya zama sarkinsu a 1815, ya kafa majalisa mai suna Hoge Raad van Adel don ta riƙa tsare littafin asalin gidajen nan. Har yanzu tana nan. Babbar sarautar da a ka fi ji a cikinsu ita ce graaf, macen kuwa gravin. Ƙasa da wannan akwai baron, macen barones. Sa'an nan sai ridder, watau barde, amma wannan ba ta da ta mata; 'yar ridder sai a ce mata jonkvrouw, sunan da a ke ba kowace 'yar asali da ba ta da wata sarauta. In budurwa ce, a baka sai a kira ta freule.

Wurin rubuta wasiƙa a nan ladabin ya ke, mu ma'aikatan ofis mun san nauyinsa. A bayan ambulan na gravin sai a rubuta Hooggeboren Vrouwe, watau uwargida mai babban asali. Barones da jonkvrouw kuwa Hoogwelgeboren Vrouwe. Ku duba, kalmar da ta fi tsawo ita ce ta ƙaramin matsayi! Wadda mijinta basarake ya rasu kuma suna ce mata douairière, kalmar da su ka aro daga Faransanci.

To, amma duk wannan girma ba na mace ba ne ta bayar. Barones ta haihuwa za ta riƙe laƙabinta har ta mutu, amma in ta auri talaka 'ya'yanta talakawa ne, gama ta wajen uba kaɗai a ke gado. Talakar da ta auri baron kuwa a kan ce mata barones don ladabi, amma a shari'a ba ta zama 'yar sarauta ba. Tun 1848 tsarin mulki ya raba gidajen nan da ikonsu, ya bar musu suna kawai. Da a ka yi sabuwar doka a kansu a 1994, ba a taɓa wannan al'ada ta gado ba.

Abin mamaki, a ƙasar nan ce mata su ka riƙe gadon mulki shekara 123 a jere: Wilhelmina daga 1890, Yuliyana daga 1948, Biyatiris daga 1980 zuwa 2013. Sarauniya Majesteit a ke ce mata, kamar Ranki ya daɗe, ko da ya ke Yuliyana ta fi son a ce mata mevrouw, yadda a ke kiran kowace matar aure. Dukansu uku murabus su ka yi da kansu, su ka koma a na kiransu Prinses, watau Gimbiya. Yuliyana ta gaji uwarta, Biyatiris ta gaji tata, Sarki Wilem-Aleksanda ma ta wajen uwa ya sami sarauta a 2013, alhali ɗan barones ko jonkheer ba a ce masa sai in ubansa ɗan sarauta ne.