Baiwa ko Koyo: Tarihin Jarrabawa Biyu na Shiga Jami'o'in Amurka



Duk ɗalibin da ya ɗaura niyyar shiga ɗaya daga cikin manyan jami'o'in Amurka, irin waɗanda masu nema suka fi gurabensu yawa nesa ba kusa ba, yakan ci karo da tambaya guda tun kafin ya cika takarda: wace jarrabawa zai ɗauka, SAT ko ACT? Abin da nake so in nuna yau shi ne, wannan zaɓi ragowar wata tsohuwar gardama ce tsakanin masanan can. Shin baiwar da aka haifi yaro da ita ya kamata a auna, ko kuwa abin da ya koya a aji? Wanda ya san yadda gardamar ta ƙare, zaɓin ba zai hana shi barci ba.

Kafin shekarar 1900 kusan kowace babbar jami'a ita ke tsara jarrabawarta. A shekarar nan ne wasu jami'o'in gabashin ƙasar suka haɗu suka kafa hukumar da ake kira College Board, wadda ta ba da jarrabawarta ta farko a 1901. Dogon rubutu ake yi a kan fannoni irin su Latin da tarihi da lissafi, saboda haka 'ya'yan masu hali, waɗanda suka fito daga makarantun kuɗi, su ne ke cin moriyarta.

Da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Farko a 1917, sai aka yi wa sojoji fiye da miliyan ɗaya da rabi gwajin basira. Cikin masu aikin akwai Carl Brigham, wanda daga baya ya koyar a Jami'ar Princeton. Shi ne ya sarrafa gwajin sojan ya zama SAT, wadda ɗalibai 8,040 suka fara ɗauka ran 23 ga Yuni, 1926. Ma'anar sunanta na asali kuwa gwajin baiwar karatu. A littafinsa na 1923 Brigham ya yi iƙirarin cewa Turawan arewacin Turai sun fi sauran jinsuna basira, har da baƙar fata. A 1930 ya fito fili ya janye wannan magana, ya ce ba ta da tushe, amma jarrabawar ta ci gaba.

Wanda ya ɗaga darajarta shi ne James Conant, da ya zama shugaban Jami'ar Harvard a 1933. Niyyarsa ita ce ya zaƙulo yara masu hazaƙa daga jihohin tsakiya, waɗanda iyayensu ba su da ƙarfi, ya ba su tallafin karatu. Ya zaɓi SAT ne bisa zaton cewa ba ruwanta da irin makarantar da yaro ya yi. Mataimakinsa a aikin, Henry Chauncey, shi ya zama shugaban farko na hukumar ETS da aka kafa a 1947, wadda ta karɓi aikin shirya jarrabawar.

Ƙalubale ya taso daga Jami'ar Iowa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu jami'o'in jihohi sun cika maƙil, suna bukatar sanin ko wanda suka ɗauka zai iya karatun shekarar farko. Shaihun malami E. F. Lindquist yana ganin abin da aka koyar shi ya kamata a tambaya. A watan Nuwamba na 1959 kimanin ɗalibai 75,000 suka ɗauki jarrabawarsa, wato ACT, a fannoni huɗu: Ingilishi, lissafi, zaman jama'a da kimiyya. Daga nan ƙasar ta rabu. SAT ta riƙe gaɓar gabas da ta yamma, ACT ta mamaye jihohin tsakiya da wasu na kudu. A wancan zamani, ke nan, mazaunin yaro shi ke yi masa zaɓi.

To, yaya gardamar ta ƙare? Tun 1946 wani malami mai suna Stanley Kaplan ya fara horar da yara don SAT, sana'ar kuwa ta bunƙasa. In dai horo yana ƙara maki, ai ba baiwa zalla ake aunawa ba. A 1993 aka cire kalmar baiwa daga sunan jarrabawar, a 1997 hukumar ta ce haruffan ba sa nufin kome. A 2001 shugaban Jami'ar Kalifoniya, Richard Atkinson, ya ba da shawarar a bar ta. Sai aka gyara ta a 2005, aka sāke gyara ta a 2016, kowane gyara yana matso da ita kusa da darasin aji. Zuwa 2007 manyan jami'o'in ƙasar duka sun amince da ACT, a 2012 ma masu ɗaukarta suka fi na SAT yawa. A 2018 hukumomin biyu suka fitar da jadawalin haɗin gwiwa na kwatanta makinsu. A taƙaice, ra'ayin Lindquist ne ya yi rinjaye.

Akwai kuma hanya ta uku, wato rashin jarrabawar sam. Kwalejin Bowdoin ta daina tilasta ta tun 1969, kuma annobar korona ta 2020 ta sa jami'o'i da dama suka bi sahu. Jami'ar Kalifoniya ta daina duba makin gaba ɗaya a 2021. Amma MIT ta dawo da sharaɗin a 2022, Dartmouth da Harvard suka dawo da shi a 2024. Babbar hujjarsu kuwa ita ce makin yana taimaka musu gano ɗan talaka mai hazaƙa, wato hujjar Conant ce ta sāke dawowa bayan shekara casa'in.

Me ya rage wa ɗalibi? A wurin jami'ar da ke karɓar biyun, duk kanwar ja ce. Bambancin yana ga tsari. Makin SAT daga 400 ne zuwa 1600, kashi biyu gare ta, karatu da rubutu sa'an nan lissafi, kuma a kwamfuta ake yin ta tun 2023 a ƙasashen waje, tun 2024 a Amurka. Makin ACT daga 1 ne zuwa 36, tana bukatar sauri fiye da SAT, kashin kimiyyarta kuma ya zama ganin dama a 2025. Ɗalibi ya fara duba sharaɗin jami'ar da yake nema na wannan shekara, domin yakan canza. Sa'an nan ya gwada samfurin kowace, agogo na gabansa, ya riƙe wadda ya fi ci. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Ku kuwa ma'aikata da kuke tantance mutane da maki, ku tuna cewa maki yana auna ƙoƙarin yaro tare da irin koyarwar da ya samu. Shekara kusan saba'in masu SAT suka yi kafin su cire baiwa daga sunanta.