Gidan Wasan Iganmu da Taƙaddamar Sauya Suna

'Yan'uwanmu mazauna Legas sun san katafaren ginin nan na Iganmu mai kama da hular soja. Shi ne Babban Gidan Wasan Kwaikwayo na Ƙasa, wanda aka kammala a 1976, zamanin Janar Obasanjo, domin bikin al'adun baƙar fata na FESTAC da aka gudanar a 1977. Dattawanmu kuwa sun fi tuna wannan biki da ƙasaitaccen hawan dabar da aka yi a Kaduna.

Gidan ya shafe shekaru yana lalacewa, kafin Babban Bankin Nijeriya da sauran bankuna su ɗauki nauyin gyara shi. A watan Yulin 2024, yayin da Farfesa Wole Soyinka ke cika shekara 90, Shugaba Tinubu ya raɗa wa gidan sunan wannan marubuci.

Nan fa ce-ce-ku-ce ya tashi. Martabar Soyinka a fagen wasan kwaikwayo ba abar musu ba ce, domin shi ne baƙar fatar Afirka na farko da ya sami kyautar Nobel ta adabi, a 1986. Abin da ya tsaya wa masu suka a rai shi ne mayar da gidan kowa ya zama na mutum guda, ba tare da an ji ta bakin jama'a ba. Shi kansa Soyinka, ranar da aka sake buɗe gidan, 1 ga Oktoban 2025, ya ce ya karɓi karramawar da zuciya biyu, tun da ya daɗe yana sukar masu liƙa sunayensu a kadarorin al'umma.

A ganina, shawara ce aka tsallake, kuma Legas ta taɓa nuna illar hakan. A 2012 Shugaba Jonathan ya ba Jami'ar Legas sunan Moshood Abiola. Ɗalibai suka fantsama kan tituna, sunan bai zauna ba. Amma Jami'ar Sakkwato ta koma Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 1988, sunan ya zauna daram, domin tuni yana bakin mutanen ƙasar.

Sai dai kada mu yi saurin nuna Legas da yatsa. Jami'ar Zariya ta buɗe a 1962 da sunan Ahmadu Bello, ɗan Rabah, alhali Sardauna yana raye, kuma shi ne Firimiyan Jihar Arewa.