Gyambon baki a lokacin dashen ɓargo

Gyambon baki ciwo ne da ke yawan kama yaran da ake yi wa dashen ɓargo. Magungunan da ake ba su don kashe tsohon ɓargon ne ke saɓule fatar cikin baki da maƙogwaro. Bayan kamar mako guda sai baki ya yi ja, ya fashe, har haɗiyar yawu ta gagari yaro. Yakan lafa idan sabon ɓargon ya fara yin jini.

Maganar ta shafi ƙasar Hausa saboda ciwon sikila, wanda dashen ke iya warkarwa. A Yamai akwai cibiyar ƙasa ta masu sikila. A Najeriya kuwa an yi dashen farko a 2011, a asibitin koyarwa na Jami'ar Benin.

Don rage gyambon, an gwada ƙarin abinci irin su glutamin, zinc, bitamin E da zuma, amma hujjar amfaninsu ga yara ba ta yi ƙarfi ba. Ƙa'idojin ƙungiyoyin likitoci MASCC/ISOO na 2020 ma sun hana ba da glutamin ta jijiya ga masu dashe. Ɗanyar zuma kuwa, duk da farin jininta, tana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta, ga shi garkuwar jikin yaron ta rushe.