Ciwon Mahaɗar Muƙamuƙi: Maganinsa da Hukuncin Ibadar Mai Fama da Shi

Tambaya: Muƙamuƙina yana ciwo daf da kunne, yana ƙas-ƙas idan ina tauna, karatu a salla ma yana ba ni wuya. Yaya zan yi?

Amsa: Allah ya ba ka lafiya, ɗan'uwa.

Ɗora yatsa a gaban kunnenka ka buɗe baki. Abin da ka ji yana motsi shi ne mahaɗar muƙamuƙin ƙasa da ƙoƙon kai, kuma akwai ɗan guringuntsi a tsakaninsu. Idan guringuntsin ya goce, ko naman wajen ya gaji, sai ciwo ya taso, har ya taɓa kunne da kai. Ya fi kama mata, musamman 'yan shekara 20 zuwa 40. Yawan cije haƙora saboda damuwa, gurza su cikin barci, bugu, da sanyin gaɓɓai duk suna kawo shi. Ƙarar kaɗai, in babu zafi, ba ta buƙatar magani.

Galibi yana lafawa idan an hutar da gaɓar, amma a nan mutanenmu suke gazawa: mutum na kukan muƙamuƙi, goro na bakinsa. Ka ajiye goro, cingam, kilishi, rake da aya na ɗan lokaci, ka koma ga kunu, fate da tuwo mai laushi, ƙananan loma. Ka gasa wajen da tsumma mai ɗumi kamar minti 15, ka murza a hankali. In ba cin abinci kake ba, haƙoran sama kada su haɗu da na ƙasa. Asuwaki kuwa a jiƙa shi ya yi laushi, ba sai ka tattauna kansa da haƙori ba.

Hamma ma a kula da ita. Hadisi ya inganta cewa Annabi (SAW) ya yi umarni da danne ta gwargwadon iko da rufe baki da hannu. Wannan ladabin zai amfane ka, domin wangale baki yana iya gotar da gaɓar.

Farasitamol da ibuprofen suna rage zafi. Na biyun ana shansa bayan an ci abinci, kuma mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda da mai juna biyu su tambayi likita tukuna. Idan makonni suka wuce ba sauƙi, ko bakin yana kullewa, je wurin likitan haƙori. Yana iya yi maka robar da ake sa wa haƙora da dare, ko ya koya maka motsa gaɓar. Tiyata ba kasafai ake kaiwa gare ta ba. Kada ka bari a cire maka haƙori mai lafiya a kan zato.

Game da salla, Ibn Abi Zaid ya bayyana a Risala cewa karatun ɓoye da motsa harshe yake tabbata. Bayyanawa a Magariba, Isha da Asuba sunna ce, kuma ya isa ka jiyar da kanka da na kusa da kai, babu buƙatar buɗe baki sosai. Ka ɗauki gajerun surori. In limanci kake yi kuma yana ƙara maka ciwo, ka gabatar da wani. Kurkurar baki a alwala sunna ce a mazhabar Malik, ka yi ta a hankali. Man shafawa mai kauri da ke hana ruwa taɓa fata, a goge shi kafin wanke fuska.

A azumi, gashi da shafawa ba sa karya shi, haka robar haƙora matuƙar ba a haɗiyi komai ba. Ƙwaya tana karyawa, sai ka mayar da ita bayan buɗe baki ko sahur.

Abu biyu ba sa jira. Ciwon muƙamuƙi tare da nauyin ƙirji, gumi ko sarƙewar numfashi yana iya zama bugun zuciya. Ƙagewar baki bayan rauni, kamar taka ƙusa, tana iya zama tetanus. Waɗannan asibiti za a nufa nan take, addu'a a yi ta a kan hanya.

Wallahu a'alam.